"Kai" da "Ku": Inda Bajamushe da Bagobiri Suke Ajiye Girmamawa

Wani ɗan ƙanena daga Isa, wanda ke koyon Jamusanci da niyyar tafiya karatun jinya, ya zo mini da murna kwanan baya, wai ya gano bakin zaren abin da ke rikita 'yan ajinsu. Malaminsu ya kwashe mako guda yana fama da su a kan kalmomi biyu, du da Sie, shi kuwa nan take ya raba gardama: du ita ce "kai" ko "ke", Sie kuma "ku" ɗin da yake yi wa limamin unguwarsu. Na ce ya yi ƙoƙari, amma ina da tambaya ɗaya. In ya faɗi gaisuwa gaban Sarkin Gobir, me yake cewa? Ya ce, "Ranka shi daɗe." Na ce, "To, ranka ko ranku?" Yaro ya yi tsuru.

A Jamus dokar a bayyane take. Baligin da ba ka sani ba, ko maƙwabcin da ba ku saba ba, ko likita, ko shugabanka a wurin aiki, Sie za ka yi masa, ka haɗa da Herr ko Frau da sunan danginsa. Du kuwa ta 'yan gida ce da abokai da yara da dabbobi, kuma da ita Bajamushe ke roƙon Ubangiji. Ɗa yana ce wa mahaifinsa du kai tsaye, babu wanda zai ɗaga ido. A makarantu da yawa, da ɗalibi ya kai wajen shekara 16 sai malamai su koma yi masa Sie, alamar ya shiga sahun manya. Abin har gaban alƙali yana kaiwa, domin wanda ya ce wa ɗan sanda du da nufin raini ana iya cin tararsa da laifin cin mutunci.

Abin da ɗan ƙanen nawa bai lura ba shi ne asalin kalmar. Sie a Jamusanci ba "ku" take nufi ba, "su" take nufi. Da farko Jamusawa da Ihr suke girmama manya, wato "ku" sak irin tamu. A ƙarni na 17 suka koma kiran mutum da "shi" ko "ita" alhali yana tsaye gabansu, daga baya a ƙarni na 18 "su" ta kankane fagen. Wannan kuwa mu ma mun san shi. Yaron da aka aika gidan malami ba ya cewa "Malam yana nan?" Cewa zai yi, "Su Malam suna ciki?" ko da ya san malamin shi kaɗai ne a ɗakin. Haka bafade zai tsaya gaban sarki ya ce "Sarki ya gaishe ka," ko ya ce "in Sarki ya yarda," kamar sarkin yana wani gari. Harsunan biyu sun gano abu ɗaya: mutum mai girma ba a nufo shi da magana kai tsaye, sai an kewayo.

Daga nan ne hanya ta rabu. Sie ɗin Jamus tafi-da-dawo ce. Shugaban kamfani ya yi wa mai shara Sie, mai shara ya mayar masa da ita, domin tazara take aunawa, ba fifiko ba. Tamu "ku" kuwa hawa take yi, ba ta gangarowa. Ka ce wa dattijo, "Kun tashi lahiya?" ya amsa da, "Lahiya lau, ɗana, ka zo?" Ba wanda ya ji an tauye shi. Sannan Bajamushe yana da ranar sauke Sie. Wanda ya fi shekaru ko muƙami shi zai yi tayin a koma du, a yi musafaha, kowa ya faɗi sunansa na yanka, shi ke nan an zama abokai. Ban taɓa jin surukin da ya kira mijin 'yarsa ya ce daga yau ka riƙa ce mini "kai" ba. Shekara arba'in za a yi ana "ku", har a kai ɗayansu makwanci.

Amma babban bambancin, a ganina, shi ne Bajamushe ya tattara girmamawarsa ya zuba a kalma ɗaya, mu kuwa mun rarraba tamu. Shi ya sa "ka" ɗin da ke cikin "ranka shi daɗe" ba ta zama raini ba. Kafin ta fito daga baki, mutum ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar fada, ya durƙusa, ya dunƙule hannu ya yi jinjina, ya sauke ido ƙasa. Jiki ya riga ya biya abin da wakilin suna bai biya ba. Kuma kalmar kanta addu'a ce. Malami ana ce masa "Allah shi gafarta Malam," sarki "Allah shi ja zamaninka," kowane matsayi da irin addu'ar da ta dace da shi, kuma wanda ya musanya su ya yi kuskuren da ya fi na ɗalibin da ya ce wa farfesa du.

Sai kuma suna, wanda a ƙasar Gobir ya fi wakilin suna nauyi nesa ba kusa ba. Matar aure ta gargajiya ba ta faɗin sunan mijinta, sai "maigida" ko "Malam" ko "baban wane". Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. In aka raɗa wa jariri sunan kakansa, matan gida sai su laƙaba masa Abba ko Baba ko Maisuna, don kada wata ta tsaya tsakar gida tana ƙwala wa sunan surukinta kira. Na san wata tsohuwa a Sabon Birni da ta yi shekaru tana kiran wani mai tallan goro "wancan na bakin kasuwa", ba don ta manta sunansa ba, sai don sunan marigayi mijinta ne. Wannan alkunya babu takwararta a nahawun Jamusanci.

Sarauta ma haɗiye suna take yi. Ranar da aka naɗa wa mutum rawani, sunan yanka ya tafi hutu, ya zama Marafa ko Bunu ko Magaji ko Ubandawaki, ko Inna in mace ce daga gidan sarautar Gobir. A wannan yanki kuwa lakabin kansa yana ɗauke da tarihin yaƙi. Bayan faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani ɗan sarautarsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya gina Sabon Birni. Yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri cikin Nijar, akwai a Sabon Birni, akwai a Isa, har Gwadabawa. Don haka in ka ce "Sarkin Gobir" a tashar mota, sai an tambaye ka na ina.

Mutum ɗaya ne aka yarje wa ya keta wannan shinge a bainar jama'a, shi ne makaɗin fada. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, a zamaninsa yakan ambaci ubangidansa da suna, ya jero iyaye da kakanni, ya yi masa "ka" son ransa, fada kuwa ta ɗauki hakan ƙarin girma. Akwai kuma inda al'ada ta buɗe ƙofar sakin baki da gangan. Jika ya ce wa kakansa "kai tsoho," kaka ta kira jikanta "mijina," taubasai su yi ta tsiya, Bagobiri ya gamu da Bayarabe a kasuwa ya kira shi bawansa, a yi dariya a rabu. Da ɗan ƙanena zai bi lissafinsa, da kakansa ne zai fi cancantar Sie, alhali shi ne mutumin da ya fi kowa shan "kai" a gidan.

Tsallaken iyaka abin ya ƙara wani launi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Tsibiri da suka yi lakwal, wato boko, sun tashi da tu da vous na Faransanci, kuma malamin makaranta a can "mushe" ake ce masa, daga monsieur. Baƙo daga wannan ɓangaren da ya fara jin ana kiran mutum mai mutunci da wannan suna sai ya riƙe baki, don a wurinmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka.

Jamusawa su ma suna kukan Sie na ja da baya. Tun boren ɗalibai na 1968 matasa suka rungumi du a tsakaninsu, kamfanoni irin IKEA suna yi wa mai saye du a tallansu, intanet kuma ta ƙarasa sauran. Mu ma wayar hannu ta taɓa mu, tunda ba a durƙusawa a WhatsApp, kuma saƙon da ya fara da "slm" ba shi da wurin tuɓe takalmi. Wannan bai dame ni sosai ba, domin yaran da ke rubuta hakan su ne dai ke zubewa ƙasa in sun dawo gida hutu.

Abin da ya dame ni daban ne. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni, suna ɗora wa ƙauyuka haraji suna kama mutane don kuɗin fansa, kalmomin girma sun sami sababbin masu karɓa. Na zauna kusa da wani dattijo mai furfura har gira, ranar da yake cinikin fansar ɗansa ta waya. Muryar da ke ɗaya ɓangaren ta yaro ce, da ƙyar in ya kai ashirin, kuma "kai tsoho" yake ce masa, ba irin ta jika ba. Dattijon kuwa, ko da yake ba mai ganinsa daga can, sai da ya zame daga kan tabarma ya durƙusa, ya riƙe wayar da hannu biyu, yana cewa, "Ranku shi daɗe, ku yi haƙuri, abin da munka samu ke nan." Da aka kashe wayar ya jima a durƙushe. Sannan ya miƙo mini ita ya ce in duba masa ko kuɗin kira sun ƙare.