Man kare fata daga rana: Mene ne zaɓi ga mai gudun titanium dioxide?

A 2022 Tarayyar Turai ta haramta sanya sinadarin titanium dioxide a cikin abinci, lamarin da ya jefa shakku a zukatan wasu masu shafa man kare fata daga rana. Sai dai haramcin bai shafi man shafawa ba. Ita ma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya sinadarin cikin abubuwan zargi a 2006, a kan shaƙar ƙurarsa ta yi magana. Saboda haka na fesawa da na hoda ne suka fi buƙatar taka-tsantsan.

Ma'adinai biyu kacal ake haɗa nau'in man na ma'adinai da su, don haka a cikin wannan nau'in mai son kauce wa titanium dioxide zinc oxide ya rage masa. Bai yi asara ba, domin shi ya fi tare hasken UVA mai ratsa fata yana tsufar da ita. Aibinsa shi ne farin da yake bari a baƙar fata, kamar an shafa toka. Mai launi yana ɓoye wannan farin, amma a nan tarkon yake: sau da yawa titanium dioxide na dawowa cikinsa a matsayin rini, ƙarƙashin lambar CI 77891.

Mai saye ya nemi SPF 30 ko sama da haka, da lambar NAFDAC, ya kuma sake shafawa duk bayan awa biyu idan aiki ya tsayar da shi a ranar Abuja. Ga zabiya kuwa, wanda cutar dajin fata ke yi wa barazana kullum, fita ba mai ya fi kowane ɗaya daga cikin sinadaran biyu haɗari.