Kiwon kifi a Maradi: Yadda cuta ke bin ruwa ta shiga kwami

Da asubar fari a watan Afrilu, mai kiwon kifi a Gazawa ko Agye ba ya fara neman abincin kifi, kwami yake fara leƙawa. Idan ya tarar ƙarfasa sun taso saman ruwa suna haki, ya san iskar da ke cikin ruwan ta yi ƙasa. A wannan lokaci zafi kan wuce digiri 40 a jihar Maradi, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai.

Ruwa ba a hannu yake ba a wannan yanki. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ta wajen Agye da Gazawa, busasshen kwari ne. Gulbin Maradi kuwa, da ke bi ta Tibiri da Gidan Runji, da damina kaɗai yake gudu. Saboda haka mai kiwo ya dogara ga rijiya, ko burtsatse, ko tabkin da damina ta bari. Tsadar jawo ruwan kan sa a jinkirta canja shi, daga nan ne matsala ke farawa.

Ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa a ƙasan kwami, su fitar da gubar ammoniya mai lalata matattarar numfashin kifi. Kifin da ya galabaita shi ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas ke kamawa, gyambo ya fito masa, ciki ya kumbura. Tarwada ta fi ruɗin mai kiwo, domin tana iya shaƙar iska a sama, sai ta daɗe cikin ruwan da ya lalace kafin ta fara mutuwa.

Ruwan tabki kan zo da ƙwayoyin cuta da kifin daji, don haka sai an tace shi. Na burtsatse ya fi tsabta amma iskarsa kaɗan ce, shi ya sa ake zuba shi daga sama yana fantsama.

Wata ƙofar ita ce 'ya'yan kifin da ake sayowa. A 2017 hukumar FAO ta yi gargaɗi kan wata cutar ƙarfasa da ta ɓulla a Masar da Isra'ila da Tailan. A ƙarshen 2018 kuma wata cutar ta hallaka ƙarfasa masu ɗimbin yawa a tafkin Volta na Ghana.

Rigakafin bai fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo ba: a keɓe sabon kifi aƙalla mako 2, kowane kwami da ragarsa, a binne mataccen kifi, a shanya kwami a zuba farar ƙasa bayan an kwashe. Tsohon ruwa kuma a kai shi lambun zogale, kada ya koma tabki.

Ɗan ci-ranin da ke aiko kuɗi gida don a kafa masa kwami, kafin ya tambayi yawan kifin da aka zuba, ya fara tambayar daga ina ruwan yake fitowa, kuma yaushe aka canja shi.