Sabon Ƙyaure a Tsohon Firam

Da yawa daga cikin gidajen Nassarawa GRA a Kano sun girmi masu kwana a cikinsu. Unguwar ta fara ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka zauna a wajen ganuwa ta gabas, kusa da gidan Sarki na Nassarawa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai siminti da kwanon rufi da katakon kurmi suka riƙa shigowa daga Kudu cikin sauƙi, ma'aikatar ayyuka kuma ta yi ta gina wa ma'aikatan gwamnati gidaje masu baranda a tsakiyar manyan filaye. An rushe da dama, an ta da benaye a gurbinsu. Waɗanda suka rage, da waɗanda aka ƙara ginawa a shekarun 1960 da 1970, yau ana ta yi musu kwaskwarima, kuma da wuya mai wannan aiki ya gama bai ci karo da matsala guda ba: ƙyauren ɗaki ya mutu, an sayo sabo, sabon ya ƙi shiga firam ɗin da ke jikin bango.

Wannan matsala ba ta daɗe a ƙasar Hausa ba. A ginin gargajiya, magini yakan bar ƙofa a jikin bangon ƙasa ya ɗora azara a sama, masassaƙi kuma ya yi ƙyaure mai ɗan tsini sama da ƙasa da yake juyawa a cikin rami. Ƙyauren yana rufe bakin ƙofar ne ta baya, ya ɗan zarce ta, saboda haka ko bango ya karkata da faɗin yatsa biyu ba wanda zai lura. A cikin gida ma sau da yawa asabari ko labule sun wadatar. Ƙofar da Turawa suka kawo daban take, domin ƙyaurenta cikin firam yake shiga, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 2 zuwa 3. A Nassarawa ɗin nan an koyar da aikin katako irin wannan tun da wuri: makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909 tana da sashen koyon sana'a, aikin kafinta yana cikin abin da ake koyarwa. Gidansa na ƙasa yana nan a unguwar har yau.

Kafin a ɗauki zarto, sai an san abin da ya karkatar da firam ɗin, kuma babban mai laifi shi ne iskar Kano. Katako ko an sare shi shekara hamsin da suka wuce bai daina shan danshi daga iska yana fitarwa ba. A watan Agusta laimar iska a Kano takan haura kashi 70 cikin 100. A Janairu da Fabrairu, lokacin hunturu, takan faɗo ƙasa da kashi 20. Da damina katako ya kumbura, da rani ya tsuke. Tsawonsa kusan ba ya canjawa, a faɗi da kauri ne motsin yake, kuma ko a nan ba daidai yake ba: ta gefen da ya bi zagayen itacen yakan tsuke kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa ta gefen da ya nufi zuciyarsa. Abin da ke sa falanki ya banƙare ke nan. Firam kuwa halin da yake ciki ya fi na falanki tsanani, domin bayansa manne yake da siminti mai riƙe danshi, gabansa kuma yana fuskantar busasshiyar iska, a wasu ɗakunan ma har da na'urar sanyaya ɗaki da ke ƙara tsotse laima. Gefe ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe, damina hamsin ko sittin ana haka, dole ya sauya kama.

Akwai kuma abin da ba ruwansa da iska. Gini yakan zauna, saiwar manyan itatuwan maɗaci da darbejiya da ke yi wa unguwar inuwa takan taɓa harsashi, sai ka ga tsaga ta tashi daga kusurwar ƙofa ta nufi sama. Ruwan goge ɗaki da na banɗaki yana ruɓar da ƙafafun firam. Gara kuma tana cin katako ta ciki ta bar fenti a tsaye, ka ga firam sumul alhali holoƙo ne. A danna bakin sukundireba a ƙasan kowace ƙafa. In ya nutse, maganar ta ƙare, sai an cire wurin da ya ruɓe an yi feshin gara, ko a sake firam ɗin gaba ɗaya. Haka nan in tsagar bango tana ƙara buɗewa, aikin magini ne tukuna, ba na kafinta ba.

In kuwa katakon yana da rai, karkata kawai ya yi, ra'ayina shi ne a bar shi a wurinsa. Yawancin waɗannan firam da katako mai ƙarfi aka yi su, irin iroko da mahogani na dazuzzukan Kudu, waɗanda gara ba ta cika so ba, kuma sun riga sun gama yawancin karkatar da za su yi. Samun irinsu busasshe a yau sai an tona, sai kuma aljihu ya ji. Cire su yana tafiya da filasta da fenti, wani lokaci har da tayil. Ƙoƙarin miƙar da su da guduma ko da weji shi ma ɓata lokaci ne, don Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya rage shi ne a yanka sabon ƙyauren ya bi tsohon firam. Masu gida da yawa ba sa son jin haka. Mutum yakan ce, "Malam, sabon ƙyaure ne fa, yaya za ka sa masa zarto?" Kafintan da ya san aikinsa sai ya amsa, "Ranka ya daɗe, in ban rage shi ba, ba zai rufe ba." Gaskiya ya faɗa.

Awo ne rabin aikin. Ana auna faɗin ƙofa a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawo ta hagu da ta dama, sannan a auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, a sake ta ɗaya ɓangaren. In waɗannan biyun ba su zo ɗaya ba, firam ya karkace. In tsakiya ta fi sama da ƙasa matsewa, ƙafar firam ta yi ciki. Zare da aka ɗaure wa ɗan ƙarfe a baki, aka sako shi daga sama, zai nuna ko ƙafafun a tsaye suke. Na ƙarshe, wanda ya fi wahalar gani kuma ya fi ba da ciwon kai, shi ne murɗewa: ƙafa ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta yi baya. Ana gane shi da zare biyu da aka ja daga kusurwa zuwa kusurwa suka gitta a tsakiya. In suka ɗan taɓa juna a mahaɗar, kuma suka sake taɓawa bayan an sauya wanda ke sama, firam lafiya yake. In akwai rata, ko ɗaya yana danne ɗaya, ya murɗe.

Da wannan awo ake zuwa kasuwa, ba da ƙiyasi ba. Tsofaffin gidaje da ƙafa da inci aka gina su, ƙofar ɗaki takan zama ƙafa 2 da inci 6 a faɗi, ƙafa 6 da inci 6 a tsawo, wato kusan santimita 76 da 198. Nijeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, kuma ƙofofin da ake yi yanzu galibi na gurbi mai santimita 90 da 210 ne, na banɗaki 75. Wanda ya sayo irin wannan da niyyar ragewa ya fara duba cikinsa. Ƙyauren da ya fi yawa a kasuwa, mai sumul ɗin fuska, fanko ne: siririn katako ne a gefe-gefe aka lulluɓe da falle biyu, ciki kuwa kwali ko 'yan guntaye. Ba a rage masa fiye da 'yan milimita a kowane gefe, in aka zarce sai a faɗa rami, hinjis su rasa abin kamawa. Sau da yawa gefe ɗaya ne kawai aka sa wa katakon da zai riƙe makulli, sai an nemo shi kafin a yanke shawarar inda hinjis za su zauna. Idan firam ya karkace sosai, gara a ba kafinta ya haɗa ƙyaure na katako zalla, ya ɗan fi gurbin girma.

A nan ma akwai tarko. Katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa da sauran kasuwannin gari daga wurare masu laima yake tasowa, sau da yawa ɗanye. In aka haɗa ƙyaure da shi nan take, hunturu ɗaya ya isa ya buɗe gaɓoɓinsa. A nemi wanda ya daɗe a ajiye, kuma ko an kawo ƙyauren gida a kwantar da shi a kan 'yan sanduna a cikin ɗakin da zai zauna, ya yi kamar mako guda. Jingina shi da bango a karkace na iya lanƙwasa shi tun kafin a ɗaura.

Wajen yankan, in tsohon ƙyauren yana nan kuma yana rufewa daidai, a ɗora shi a kan sabon a zana da fensir, ya riga ya ɗauki siffar firam. In babu shi, sai a fara rage tsawo, a tsayar da sabon a bakin gurbin a kan weji, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zagaya ta baya ya bi gefen firam da fensir. Gefen hinjis ake fara gyarawa, a kankare shi a hankali har ya kwanta da ƙafar firam daga sama har ƙasa. Sai sama, sai gefen makulli. Ragewar a raba ta gefe biyu, kada a kwashe ta duka daga gefe guda, musamman in ƙyauren mai ado ne, don ido zai kama. A kankare kaɗan, a gwada, a sake. Gefen makulli ana ɗan karkata shi da digiri 2 ko 3 ta wajen da yake fara shiga firam, don kada bakinsa ya ciji katako wajen rufewa. A ƙasa a bar kamar santimita ɗaya, a kuma buɗe ƙyauren har ƙarshe a zuci a duba daɓe, domin tsohon daɓe yakan yi tudu, in kuma an shimfiɗa tayil a kan na da, tsawon gurbin ya ragu.

Ratar gefe kuwa, watan da ake aikin shi ke yanke ta. Wannan ne wurin da ake yawan kuskure a Kano, kuma ba a ganin sakamakonsa sai bayan wata shida. Ƙyauren da aka ɗaura da hunturu a tsuke yake. In aka matse shi don ya yi kyau ranar biyan kuɗi, da ruwa ya zauna zai kumbura ya cije, sai da kafaɗa. A ba shi milimita 4, ko fiye in faffaɗan falankai ne. Wanda aka ɗaura a Agusta kuwa ya gama kumburinsa, milimita 2 ta ishe shi, rani zai ƙara masa.

Hinji na sama yakan zauna kamar santimita 15 daga sama, na ƙasa kamar 23 daga ƙasa, ƙyaure mai nauyi kuma a ƙara masa na uku a tsakiya. Ya fi sauƙi a bi gurabensu na da a jikin firam. Ramukan da suka yi sako-sako a cusa musu 'yan tsinkayen katako da gam, a bari su bushe. Da sukuru ake ɗaurawa. Ƙusa ba ta riƙe ƙyaure, kuma duk wanda ya buga ta ya toshe wa kansa hanyar gyara. A fara sa sukuru ɗaya a kowane hinji, a rufe a gani. In ƙyauren yana turowa baya kafin ya gama rufewa, gurbin hinji ya yi zurfi, a sa masa siririn kwali a baya. In rata ta yi yawa, a ƙara zurfin da cizal.

Murɗaɗɗen firam a nan yake nuna kansa: sama ta taɓa, ƙasa ta tsaya a waje, ko akasin haka. Ba a tilasta wa ƙyaure da sakata, don bayan ɗan lokaci shi ma zai murɗe. Ana raba laifin ne. A ɗan fito da hinji ɗaya waje da milimita 2 ko 3, a shigar da ɗaya ciki, rabin karkatar ta koma gefen hinjis inda ido ba ya zuwa. Ragowar kuma sai a cire siririn katakon da ƙyaure ke tsayawa a jikinsa, a rufe ƙyauren, a mayar da katakon yana bin fuskarsa. A tsofaffin firam da yawa wannan matsaya sassaƙa ta aka yi a jikin katakon, ba ta ciruwa. A nan sai a rage ta da cizal inda ta tokare, a manna siririn katako inda ta bar rata. Makulli ne na ƙarshe, bayan ƙyaure ya zauna, don a huda gurbin harshensa a inda harshen ya taɓa da kansa.

Wasu sukan gudu daga duk wannan su sayi ƙofar ƙarfe irin ta Sin ko ta Turkiyya mai zuwa da firam ɗinta. A ƙofar waje tana da amfaninta. A ɗakin ciki na tsohon gida kuwa ba a iya rage ta ko kaɗan, bango ake fasawa ya bi ta, kuma katakon da aka tumɓuke ba ya komawa.

Saura fenti. Bayan an bi da samfefa, ƙyaure fuska shida gare shi, ba biyu ba: gaba da baya, gefe biyu, sama da ƙasa. Sama da ƙasa ne ake mantawa da su saboda ba a ganinsu, alhali ta nan danshi ya fi shiga, musamman inda zarto ya bi ya buɗe jijiyar katako. A sauke ƙyauren a shafe su sau biyu kafin a mayar da shi. In damina ta farko ta zo ya ɗan cije, a goga alli a gefen firam a rufe a buɗe. Inda allin ya kama jikin ƙyauren, nan kaɗai za a kankare, a sake shafa masa fenti a ranar.