Rubutun Kano

Rubutun Kano salo ne na rubuta haruffan Larabci da Ajami da hannu, wanda ya yi fice a Kano da kewayenta har zuwa kudancin Nijar. An san shi da kaurin haruffa da kaifin kusurwa. Masana suna kiransa Kanawi, domin bambanta shi da Barnawi na ƙasar Borno.

Asali da siffa

Salon yana cikin dangin rubutun Magaribi na Arewacin Afirka. Shi ya sa ake sa ɗigon harafin fa a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin rubutun ƙasashen Gabas. Da shi ake rubuta Alƙur'ani a ruwayar Warshu.

Siffar haruffan ta samo tushe daga kayan aiki. Alƙalamin kara mai faɗin baki, idan aka tsoma shi a tawadar gawayi da ƙaro, yana fitar da layi mai kauri, kuma yana karya kwana maimakon lanƙwasa. A kan allo almajiri yake fara koyon wannan hannu, kamar yadda ake yi a tsangayun Kano da Jigawa, ciki har da na ƙasar Kazaure, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi.

Daga hannu zuwa ɗab'i

Haruffan injin ɗab'i da aka shigo da su na salon Naskhi ne, wanda yake yi wa mai karatun allo baƙunta. Don haka masu buga littattafai a Kano suka riƙa sa a rubuta littafi da hannu, sannan a ɗauki hoton shafukan a buga. Ta haka littattafan addini da waƙoƙin Ajami suka yaɗu a kasuwanni irin su Kurmi. Daga cikin shahararrun marubutan akwai Sharif Bala Gabari na Kano, wanda aka buga Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa.

A kwamfuta

A shekarar 2017 ƙungiyar SIL International ta fitar da zubin haruffan kwamfuta mai suna Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa rubuce-rubucen hannu na wannan salo. Ana sauke shi kyauta. Yana ɗauke da haruffa da wasulan da Ajamin Hausa ke buƙata, kamar ɗigon imala da ke nuna sautin e.

Amfani a aikin zane

Kaurin haruffan yana sa a hango su daga nesa, don haka sun dace da bangon littafi da kanun rubutu da fosta da allon shago. Sai dai suna cin wuri, kuma idan aka ƙanƙanta su ɗigo da wasali sukan cakuɗe. Babban amfaninsu shi ne saƙo ya isa ga mutumin da allo ne makarantarsa, cikin hannun da ya saba karantawa.