Riƙon Babur a Kan Rairayi: Darasi Daga Tsokar Hannu

A ranar 26 ga Disamba, 1978, aka tashi daga birnin Paris domin tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya ratsa hamadar Sahara, ya bi ta Agadas da Yamai, ya ƙare a Senegal. Wani matashin Bafaranshe, Cyril Neveu, shi ne ya zo na ɗaya a kan babur Yamaha XT500. Mai karatu zai iya zaton sai mai ƙarfin damƙa ke iya irin wannan tafiya. Ilmin halittu kuwa ya nuna cewa yawan damƙa shi ne ke fara kashe hannun mahayi.

Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27, amma manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu suna can tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Daga nan ne jijiyoyi masu kama da igiya suke ratsa wuyan hannu su ja yatsun. Ɗalibi na iya tabbatar da haka a aji: ya kama wannan wuri da ɗaya hannun, ya motsa yatsunsa, zai ji tsokar tana motsi.

Waɗannan tsokoki a lulluɓe suke da wani tantani mai tauri wanda ba ya miƙewa sosai. Idan tsoka tana aiki, jini yakan ƙaru a cikinta, ta kumbura. In tana matsewa tana saki, jinin zai riƙa shiga da fita. Amma idan mahayi ya damƙe kan babur bai sassauta ba, sai tsokar ta danne hanyoyin jini, iskar oksijin ta ragu, hannu ya yi tauri, yatsu su sage. Daga nan jan birki ma yakan gagara, kuma a nan haɗari yake. Matsalar ba ta bar masu tsere a kan kwalta ba. A 2021, a filin Jerez na Sifen, Fabio Quartararo yana kan gaba hannunsa ya sage, ya ƙare a na 13, har sai da aka yi masa tiyata.

To, ina ruwan kuloci da wannan? Kuloci faranta ne da ke haɗa ƙarfin inji da giya. Idan an ja hannunsa gaba ɗaya sukan rabu, idan an saki sukan manne. A tsakani akwai ɗan wurin da suke gogar juna, inda mahayi ke auna ƙarfin da ke isa tayar baya, don kada inji ya mutu a hawan dutse ko taya ta tona rami a yashi. Wannan aiki ne na lallami. Shi ya sa gwanaye ke ɗora yatsa ɗaya ko biyu, manuniya da ta tsakiya, a kan kuloci, su bar babban yatsa da ƙananan biyu su riƙe kan babur. Wanda ya sa yatsu huɗu ya bar riƙon ga babban yatsa da tafin hannu kaɗai, kuma kowane rami na iya fizge shi.

Sauran nauyin na ƙafafu ne. Mahayi yakan miƙe a kan matakai, ya matse babur da gwiwoyinsa, domin tsokokin cinya sun fi na hannu girma da juriya. Ana kuma daidaita hannun kuloci da na birki yadda wuyan hannu zai zauna a miƙe, saboda lanƙwasasshen wuyan hannu yana rage ƙarfin yatsu.

Darasin ya shafi kowane malami da ke bin hanyar ƙauye mai yashi zuwa makaranta. Idan yatsu suka fara sagewa, a tsaya, a buɗe hannu ana rufewa har jini ya koma, sannan a ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.