CACAR MUTUWAR MASHAHURAI: WA YA ISA A SA SUNANSA?

A ƙarshen kowace shekara, sa'ad da ma'aikata ke ƙoƙarin rufe littattafan lissafi, akwai waɗansu mutane a Ingila da Amurka da ke zama da takarda da alƙalami, su jera sunayen manyan mutanen duniya waɗanda suke zaton ba za su ga ƙarshen shekara mai zuwa ba. Wani ya rubuta goma, wani ashirin, wani hamsin. Da zarar sabuwar shekara ta kama sai a rufe karɓar sunaye, a zauna ana sauraron labarai. Duk wanda mutum ya rubuta kuma ya rasu cikin shekarar, ya ci maki ke nan, wanda ya fi kowa maki ran 31 ga watan Disamba shi ne gwani. A waɗansu wurare ana zuba kuɗi, a waɗansu kuwa ba abin da ake ci sai suna.

Ga wanda ya tashi a inda mutuwa ke da kwarjini, kuma caca abin ƙi ce, jin wannan kawai ya isa ya sa shi ya kau da kai. Amma akwai wata tambaya da ta daɗe tana hana masu wannan wasa barci, wadda ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta shafi har waɗanda ba su taɓa jin labarin wasan ba. Tambayar ita ce: wane ne mashahuri, kuma wa ke da ikon yanke hukunci?

DALILIN KAFA DOKA

Wasan ba ya yiwuwa sai da wannan doka. Mutuwa rigar kowa ce, in da za a bar kowa ya rubuta wanda ya ga dama, to, ma'aikacin asibiti ne zai riƙa cinyewa kullum, don ya san waɗanda ke kwance rai a hannun Allah. Wani kuma ya rubuta tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi. Saboda haka tilas ne sunan ya zama na wanda jama'a suka sani, wanda kuma za a iya tabbatar da rasuwarsa ba tare da gardama ba.

A zamanin da wannan bai zama matsala ba, domin muƙami ne ke nuna wanda ya isa. A birnin Rum mutane sun riƙa caca a kan zaɓen Fafaroma da tsawon zamaninsa, har dai cikin shekarar 1591 Fafaroma Gregory na 14 ya haramta abin, ya ce za a fitar da duk mai yi daga coci. A Landan kuwa, cikin ƙarni na 18, attajirai sun mai da inshorar rai hanyar caca: mutum ya sayi inshora a kan ran wani babban ɗan siyasa ko hafsan soja wanda ba su haɗa komai ba, ya zauna yana jiran a biya shi. Wannan ne ya sa majalisar dokokin Birtaniya ta kafa doka a 1774, wadda ta hana a yi inshora a kan ran wani sai in mutuwarsa za ta jawo wa mai inshorar asara ta gaskiya. Har yanzu ana aiki da wannan doka.

Haka nan a Faransa. Marubucin nan Guy de Maupassant, cikin littafinsa Bel-Ami na 1885, ya nuna yadda manyan Faris ke mai da tsofaffin Majalisar Masana Harshen Faransanci abin hira, ana lissafin wa zai riga wa tafiya, wa kuma zai gaji kujerarsa. Kujerun majalisar 40 ne cif, saboda haka ba wanda zai yi musun wa ke ciki, wa ke waje. Sai da silima da rediyo da talabijin suka zo, daga baya kuma intanet, sa'an nan shingen ya faɗi, sanannu suka yi yawa har ba a san iyakarsu ba.

HANYOYI UKU

Wasan ya ƙara bazuwa bayan 1988, shekarar da aka fito da fim ɗin Clint Eastwood mai suna The Dead Pool, inda wani ɗan sandan birnin San Francisco ya tsinci sunansa cikin irin wannan jeri, kuma aka shiga kashe waɗanda ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan lokaci zuwa yau, hanyoyi uku ne aka fi bi wajen tantance shahara.

Ta farko ita ce a miƙa hukunci ga jaridu. Wasan da ake kira Derby Dead Pool a Ingila yana ba kowane ɗan wasa damar rubuta sunaye 20, amma ba a ba shi maki sai in wata babbar kafar labarai ta ƙasar, daga cikin waɗanda aka amince da su, ta buga labarin rasuwar. A Amurka da yawa sukan dogara ga kamfanin dillancin labarai na Associated Press ko jaridar New York Times. Amfanin wannan hanya shi ne ba ruwan alƙalin wasa da son kai. Aibinta kuwa, ba a sanin ko mutum mashahuri ne sai bayan ya mutu. Ɗan wasa na iya shekara yana riƙe da suna, mai sunan ya rasu, editoci su yi shiru, ya tashi a tutar babu.

Ta biyu ita ce a kafa kwamiti. Wani wasa na Amurka da aka raɗa wa sunan Lee Atwater, shugaban jam'iyyar Republican da ya rasu a 1991 yana da shekara 40, ya yi amfani da kwamitin tantance shahara: a nuna wa 'yan kwamitin suna kawai, in adadin da ake bukata daga cikinsu suka gane ko wane ne, ya shiga. Wannan ya fi kusa da ma'anar shahara ta ainihi, watau mutumin kan titi ya san ka. Sai dai sakamakon ya danganta ga waɗanda aka zaunar. Kwamitin samari ba zai san taurarin da iyayensu suka yi yayi ba, kwamitin Amurkawa kuma ba zai san gwanayen wasan kurket na Indiya ba, ko da mutum miliyan ɗari sun san su.

Ta uku ita ce a dogara ga kundi, musamman Wikipedia: wanda ke da shafi a ciki ya isa, wanda ba shi da shi bai isa ba.

Jerin da ya fi suna a Ingila, watau DeathList, ya samo asali ne daga hirar waɗansu ɗaliban Jami'ar Warwick, bayan rasuwar ɗan wasan fim Cary Grant cikin watan Nuwamba na 1986. Tun 1987 ake fitar da shi kowace shekara, kuma ba a zuba kuɗi. Kwamiti ne ke zaɓen mutum 50, da sharaɗin kada fiye da 25 su maimaito daga jerin bara, kuma kowannensu ya kai matsayin da kafofin labaran ƙasar za su ba da labarin rasuwarsa.

INDA GARDAMA TAKE

DeathList na da wani sharaɗi da ya fi sauran jan hankali: ba a sa mutumin da ba a san shi da komai ba sai don yana bakin mutuwa. Alal misali, Terri Schiavo, wata mata a jihar Florida, ta yanke jiki ta faɗi a 1990, ta shekara 15 ba ta san inda take ba, mijinta da iyayenta suna ta shari'a a kan ko a cire mata bututun abinci. Kafin rasuwarta a watan Maris na 2005 ba wanda bai ji sunanta a Amurka ba, jaridu kuma duk sun buga. Bisa ma'aunin jarida ta isa, amma bisa wannan sharaɗi ba ta isa ba, domin masifa ce ta fito da sunanta, ba wani aiki da ta zaɓa ba.

Jade Goody ta Ingila kuwa al'amarinta dabam ne. Ta yi suna tun 2002 a shirin talabijin na Big Brother, sa'an nan aka gano tana da ciwon daji a 2008, ta rasu a watan Maris na 2009 tana da shekara 27. Shahararta ta riga ciwonta, saboda haka doka ba ta hana a rubuta ta ba. A nan ne munin wasan ke fitowa fili, domin a wurare da yawa ana cire shekarun mamaci daga 100, abin da ya rage shi ne maki. Tsoho mai shekara 95 maki 5 ne, uwa mai 'ya'ya biyu 'yar shekara 27 kuwa maki 73.

Akwai kuma waɗanda tsufa kaɗai ya sa aka san su, kamar Jeanne Calment ta Faransa da ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Akwai waɗanda kotu ta riga ta sa wa rana, kamar Timothy McVeigh da aka zartar wa hukuncin kisa a 2001, abin da ya sa wasanni da yawa suka ce kisan hukuma ba ya kawo maki. Har ila yau, hasashen likita ma ba tabbas ba ne. Abdelbaset al-Megrahi, ɗan Libiya da aka ɗaure saboda harin jirgin Lockerbie na 1988, an sake shi a 2009 bisa cewa saura masa kamar wata uku, amma bai rasu ba sai a watan Mayu na 2012.

MA'AUNIN DA KANSA

Duk wanda ya duba hanyoyin nan da kyau zai ga kusan duka sun koma wuri guda, watau teburin edita. Manyan kafofin labarai sukan rubuta tarihin mashahurai su ajiye tun masu shi suna da rai. An ga shaidar haka a watan Nuwamba na 2020, sa'ad da gidan rediyon Faransa na RFI ya saki kusan ɗari daga cikinsu bisa kuskure, ciki har da na Sarauniya Elizabeth ta Biyu, da Pele, da tsohon shugaban Senegal Abdoulaye Wade, da shi kansa Clint Eastwood, alhali dukansu suna raye a lokacin. Ashe editoci ma suna da nasu jerin, kuma daga gare shi ne masu caca ke aron ma'auni.

To, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Cikin watan Maris na 2018 jaridar New York Times da bakinta ta amsa cewa tun 1851 maza farar fata ne suka mamaye shafinta na tarihin mamata, ta kuma fara rubuta na waɗanda ta tsallake. Cikin na farko akwai Ida B. Wells, baƙar fata 'yar jarida da ta yi yaƙi da kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe a Amurka, wadda ta rasu a 1931. Akwai kuma Madhubala, tauraruwar fim ɗin Indiya ta Mughal-e-Azam, wadda ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Matar da ɗimbin jama'a suka cika gidajen silima don su gan ta, sai da ta shekara 49 a kabari kafin jaridar ta ga ta isa.

Kundin Wikipedia ma bai tsira ba, domin dokarsa ita ce ba a buɗe wa mutum shafi sai in majiyoyi amintattu, waɗanda ba nasa ba, sun yi rubutu mai yawa a kansa. A farkon 2018 wani ya nemi a buɗe wa Donna Strickland, malamar kimiyya a Jami'ar Waterloo ta Kanada, shafi, aka ƙi bisa cewa ba a kawo isassun majiyoyi ba. A watan Oktoba na shekarar ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar lissafin halitta, watau fiziks, ita ce mace ta uku da ta taɓa ci. A ranar aka buɗe mata shafi. Ba ita ta sake ba, masu rubutu ne suka waiwayo.

Wannan ne ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su lura da shi. Sa'ad da Alhaji Mamman Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, da wuya a sami gida daga Katsina zuwa Maraɗi, ko zangon Hausawa a Kumasi, da ba a san muryarsa ba. Amma babu ko ɗaya daga cikin ma'aunan da aka zayyana a sama da ke tambayar mutanen waɗannan garuruwa. Abin da suke aunawa shi ne yawan abin da aka rubuta a kan mutum, da inda aka rubuta shi, da harshen da aka rubuta. Kuma ba masu caca kaɗai ke amfani da irin wannan ma'auni ba. Da shi masu tsara kundaye ke aiki, da masu bincike a jami'o'i, da injunan nema na intanet.

Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, da malamin makarantar da ya yaye alƙalai da likitoci, da magatakardan da ya riƙe amana shekara 35, ba za su taɓa shiga jerin masu caca ba, kuma wannan ba asara ba ce gare su. Asarar ita ce su fita daga tarihi gaba ɗaya don ba wanda ya zauna ya rubuta sunansu da shekarunsu da aikinsu. Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna, ba su iya ajiye sai abin da aka rubuta aka kai musu, mai bincike na gobe kuma ba zai sami sai abin da aka ajiye ba.