Imani da Juriya a Gudun Dogon Zango

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba abin da ke sa mutum ya ci gaba da gudu bayan ƙarfinsa ya ƙare, da kuma kalmomin da Hausa ta tanada domin bayyana shi. Gudun famfalaki, wanda ake kuma kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da ɗoriya. Akwai kuma tseren da ya zarce haka nesa.

Misalai uku

A kudancin Maroko ana yin tseren Marathon des Sables tun 1986. Tsawonsa kimanin kilomita 250 ne a cikin hamada, kuma kowane ɗan tsere shi ke goya guzurinsa. Daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007, mutum uku, wato Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, sun ratsa Sahara a guje cikin kwana 111, daga Senegal zuwa Masar, suka bi ta Nijar. A Japan kuwa, wasu masu bautar addinin Buda na dutsen Hiei sukan yi zagayen kwana 1,000 cikin shekara bakwai, ba don kyauta ba, sai don ibada.

Abin lura shi ne, makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka yakan ja baya wajen kilomita 30. Daga nan ɗan tsere yana bukatar abinci da ruwa, yana kuma bukatar dalilin da zai hana shi zama.

Darasi daga Zongon Kumasi

Hausawan da, ba gudu suke yi ba, amma sun san wannan matsala sarai. Fatake sukan shafe watanni a ƙafa daga Kano zuwa Salaga neman goro, ƙarƙashin jagorancin madugu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kama Kumasi da Turawan Ingila suka yi a 1896, da yawansu suka koma Kumasi da zama. Unguwarsu ita ce Zongo, wato zango a lafazin Gana. Haka nan mahajjata sukan nufi gabas a ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur har Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya.

Kalmar zango tana da ma'ana biyu: wurin da ayari ke sauka, da kuma tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Ashe matafiyi ba ya tunanin Makka ko Salaga kullum. Zangon yau kawai yake fuskanta. Dabarar ke nan da 'yan tseren zamani suke bi, suna karkasa hanya gunduwa-gunduwa.

Kalmomi huɗu

Ya kamata ɗalibi ya bambance waɗannan. Niyya ita ce ƙudurin da aka yi tun kafin a tashi. Himma ita ce zafin nama wajen aiwatarwa, kuma takan yi sanyi. Haƙuri shi ne ɗaukar wahala ba tare da ƙorafi ba. Tawakkali kuwa shi ne miƙa sakamako ga Allah bayan an yi shiri. Uku daga cikinsu asalinsu Larabci ne a fili, wato niyya da himma da tawakkali, abin da ke nuna yadda addini ya shiga tunanin Bahaushe game da doguwar tafiya.

Kammalawa

Imani yana riƙe zuciya sa'ad da himma ta gaza, amma ba ya maye gurbin salkar ruwa. Madugun da ya tashi ayari bai san inda rijiyoyi suke ba, ganganci ya yi, ko da ya kira shi tawakkali. Ɗan tseren da ya shiga hamada babu horo, shi ma haka. Shi ya sa Hausawa ke cewa, tafiya sannu-sannu kwana nesa.